Yadda ake zaɓar kayan gyaran tsohuwar bas: inda araha ke amfani da inda take cutarwa

Kombin da nake riƙe da ita, wato bas ɗin Volkswagen, gadon mahaifinmu ce, ƙirar 1978, mai injin 1600 a baya wanda iska ke sanyaya shi. A cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka ɗauko amaren gidanmu uku. Da ta dawo hannuna na yi niyyar kada ta mutu a ƙarƙashin darbejiya kamar sauran 'yan uwanta, kuma a shekarun da na yi ina hidimarta na gane cewa abin da ke kashe tsohuwar mota ba tsufa ba ne kaɗai. Kayan da ake ɗaura mata ne, ɗaya bayan ɗaya, kowanne an saye shi don ya fi sauƙin kuɗi a ranar.

Ba zan ce maka ka sayi mai tsada a komai ba. Mai tsohuwar bas ba kasafai yake da rarar kuɗi ba, kuma akwai wuraren da kashe kuɗi da yawa asara ce kawai. Tambayar da nake yi wa kaina a bakin kowane shago ita ce: idan wannan abin ya lalace, me zai tafi da shi? Duk matakan da ke ƙasa daga wannan tambayar suka fito. Misalaina na Kombi ne don ita na sani ciki da waje, amma mai tsohuwar Hayis, J5 ko Coaster zai ga inda maganar ta shafe shi.

Mataki na farko: san motar da kake da ita

Kafin a zo maganar mai kyau da maras kyau, akwai kayan da bai dace da motarka ba sam. Volkswagen ta fara ƙera wannan bas a 1950. Mai gilashin gaba rabe biyu ta kai har 1967 a Jamus, mai gilashi guda ta biyo baya har 1979, Brazil kuwa ba ta daina ba sai ƙarshen 2013. A nan gida ma an harhaɗa motocin Volkswagen a masana'antar da aka buɗe a Ojo ta Legas a 1975. Wata Kombin Brazil ɗin fuskarta irin ta sabuwar ƙira ce, jikinta da ƙafafunta na tsohuwa. Ka ga ke nan mutum biyu za su ce "Kombi ce da ni", amma kayan ƙafar wannan ba zai shiga ta wancan ba.

Ka samu ɗan littafi ka rubuta lambar jikin motar da lambar inji. Ta injin tana ƙarƙashin ƙafar da dainamo ke zaune a kai, da haruffa a farkonta, irin su AD ko AS. Ka goge da fetur da tsumma za ka gan ta. Kada ka dogara da shekarar da ke takarda, domin a cikin shekara arba'in da wani abu wataƙila an canza injin sau biyu. Kayan Volkswagen na asali kuma suna ɗauke da lamba tara a jikinsu. Ukun farko suna nuna dangin motar, 211 na bas, 111 da 113 na kunkuru, wato ƙaramar Volkswagen Beetle, waɗanda bas ɗin ke aron wasunsu. Duk abin da ka kwance, ka kwafi lambarsa kafin ka ajiye.

Mataki na biyu: raba kayan gida uku

Kashi na farko shi ne abin da in ya gaza, rai ne a ciki: birki, sitiyari, taya, da tiyon fetur. A nan babu ciniki da araha. In kuɗin mai kyau bai samu ba, motar ta kwana a gida.

Tiyon fetur nake so in daɗe a kai, don shi mutane suka fi rainawa. A Kombi tankin mai yana gaban inji, kuma ya ɗara shi tudu. Tiyon yana bi ta kusa da distiributa, inda tartsatsi yake, ya hau zuwa kafireto. Idan ya tsage, fetur ɗin ba ya buƙatar famfo, da kansa zai yi ta gangarowa kan inji mai zafi ko da ka kashe motar. Kai kana gaba, wutar tana baya, ba za ka sani ba sai masu babur sun fara yi maka ihu. Na taɓa sayen tiyo a wani shago, baƙi sumul, mai saƙa a bayansa kamar na asali. Wata biyar bayan haka na buɗe murfin inji da safe na ji warin fetur. Da na lanƙwasa tiyon da yatsu biyu sai saƙar ta jiƙe, robar da ke ciki duk ta yi tsaga-tsaga kamar busasshen tabki. Tsawonsa duka bai kai kamu biyu ba. Bambancin kuɗinsa da na kirki bai fi na cin abincin rana ba.

Saboda haka ka nemi tiyon da aka yi don fetur, mai rubutun kamfani da girmansa a jiki. Na injin 1600 faɗin cikinsa milimita 5.5 ne, in ka sa mai 6 ko 7 zai shiga da sauƙi, kuma da sauƙin zai zame. Ka ɗaure kowane baki da maɗaurin ƙarfe, ba waya ba. Ka jijjiga ɗan bututun tagullar da ke shiga kafireto, domin yakan saki da tsufa. Kada kuma ka rataye matatar mai ta roba tsakanin famfo da kafireto. Nauyinta da girgizar inji su ke zare bututun nan.

A birki, tiyon roba na ƙafafu yakan kumbura ta ciki alhali waje lafiya lau, sai birki ya riƙe bai saki ba. Robobin cikin masta da na silindar ƙafa su ma ba a sayensu a buɗe cikin faranti. Man birki ka saye shi a rufe, DOT 3 ko DOT 4, ka canza duk shekara biyu don yana shan danshi. Sunayen da na saba nema a nan su ne ATE da Bosch. Taya kuma ta bas daban ce da ta ƙaramar mota: 185 R14 mai harafin C a ƙarshe, wadda aka yi don ɗaukar kaya. A gefenta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT; in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo mai zane raɗau za ta iya zama ta shekara goma.

Kashi na biyu shi ne abin da ba zai kashe mutum ba amma zai kashe inji, ko kuma sai an sauke inji kafin a kai gare shi. A nan lissafi ne ke magana. Ɗauki robar da ke tare baƙin mai a bayan fulawil. Ƙaramar aba ce, tafin hannu ya fi ta. A ce mai araha naira ɗaya ce, mai kyau naira uku, aikin sauke inji da mayarwa kuwa naira ashirin. Wanda ya sa mai kyau ya kashe ashirin da uku. Wanda ya sa mai araha ta yi yoyo bayan wata huɗu ya kashe ashirin da ɗaya, ya sake kashe ashirin da uku, ga faifan kulocin da mai ya jiƙa ya ɓata. Duk lokacin da kuɗin aiki ya ninka kuɗin kaya, to kayan ba wurin tsimi ba ne. Faifan kuloci da boris ɗinsa, robobin na'urar sanyaya mai, ringi, fistin, metal, bawul ɗin hayaƙi, duk a nan suke. Sachs a kuloci, Mahle ko Kolbenschmidt a fistin da metal, Elring ko Victor Reinz a gaskit da robobi, SKF ko FAG a boris. In inji ya riga ya sauko, ka canza su tare, kada ka ce wannan zai ƙara kai wata shida.

Fambel ma nan na sa shi, ko da yake minti goma ake canza shi. Injin nan ba shi da lagireto. Fankar da ke bayan dainamo ce kaɗai ke hura masa iska, kuma fambel ɗaya ke juya su duka. Ya tsinke, jar fitilar caji ta kama, in ka ce bari in ƙarasa gari na gaba to kan silinda ka dafa. Tsayawa ake yi nan take. Haka farantan ƙarfen da suka lulluɓe injin da robar da ta zagaye ɗakinsa: su ke hana zazzafar iskar ƙasa komowa sama. A zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura 40, motar da aka cire wa waɗannan don "ba su da amfani" ba ta daɗewa, kuma silinda ta uku ce ta saba fara kuka. Sababbin farantai masu ƙyalli da ake sayarwa sau da yawa ba sa zama daidai, suna barin kafa. Tsohon baƙin na asali, ko ya lanƙwashe, a miƙe shi a mayar.

Kashi na uku shi ne inda za ka huta: madubi, marikin ƙofa, murfin fitila, ƙwan fitilar ciki, shimfiɗar ƙasa, ledar kujera, gaskit ɗin murfin bawul da ake canzawa kullum. Sayi mai sauƙi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ya lalace ka sake wani, ba abin da ya tafi da shi.

Mataki na uku: kada ka yar da tsohon

Wani dattijon makanike da ya yi zamani da waɗannan motoci ya taɓa ganina da sabon kafireto a kwali, na zo a ɗaura. Ya juya shi a hannu, ya ɗauko tsohon nawa na Solex da na jefa cikin buhu, ya ɗora ɗaya a kowane tafi.

"Alhaji, wanne ya fi nauyi?"

"Tsohon, Baba."

"To mayar musu da nasu. Wannan wanki yake so da sababbin robobi, ba ritaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Ya kwance shi a kan tire, ya jiƙa, ya busa kowace kafa, ya sa sabon gaskit da allura. Har yau shi ne a motar. Tun ranar na ɗauki ƙa'ida: kafireto, distiributa, dainamo, sitata, famfon mai irin mai sukurori, da akwatin sitiyari, in na asali ne, gyara ake fara nema. Ƙarfen da aka zuba su da shi da daidaiton aikinsu ya fi na yawancin kwaikwayon da ke kasuwa yanzu. Haka matatar iska ta asali mai baƙin mai a gindinta. Mutane na cire ta su sa 'yar ƙarama mai ƙyalli, alhali a ƙurar hunturu babu kamarta. Wanke ta kawai ake yi a zuba sabon mai zuwa layin da aka zana.

Wannan ne ya sa kayan gwangwan da na Beljiyam suke da muhalli. A Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna, Ladipo ta Legas ko Nkwo ta Nnewi, mai haƙuri yakan tono abin da sabo ba zai kamo ƙafarsa ba. Amma ƙarfe ake saye na hannu. Roba, boris, faifan kuloci, takalmin birki, duk abin da aikinsa shi ne ya cinye, ba a sayensa tsoho.

Mataki na huɗu: a bakin shago

Tsada ba shaida ba ce. Mai jabu ya san kana neman orijina, don haka zai buga kwali mai kyau ya ɗora kuɗi. Ka tafi da tsohon kayanka a hannu, ka ajiye su gefe da gefe a kan kanta. Duba nauyi, duba ramukan noti ko sun hau juna, duba gefuna ko an goge su sumul ko suna da kaifi da tsatsar zubi. Rubutun da ke jikin ƙarfen ya fi na kwali gaskiya: a kayan kirki lambar tana fita tsaf, layi ɗaya, ba ta gogewa da farce. Boris ka juya shi kusa da kunne, in ka ji kamar yashi a ciki ka ajiye. Roba ka naɗe ta ka saki. Mai kyau tana komawa yadda take, maras kyau tana yin fari a wurin lanƙwasar, wani lokaci har ta bar maka baƙi a yatsa.

Sannan ka yi tambayar kai tsaye: "Malam, kala nawa gare ka?" Yawancin 'yan kasuwa suna da biyu ko uku, kuma in sun ga ka san abin da kake yi za su shiga ciki su ɗauko na ajiya. Ku yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi ya fita daga aljihunka, a rubuta a rasit. In ka samu mai gaskiya ka riƙe shi, ko da ya ɗara maƙwabcinsa da kaɗan, don ranar da zai ce maka "wannan kada ka saya, ba zai yi maka ba" ta biya duk ƙarin. Game da aiken makanike kasuwa, ni na fi son mu tafi tare: shi ya zaɓa, ni in biya, in kuma ba shi hakkin zirga-zirgarsa a fili. Haka ya fi tsafta ga kowa, kuma babu zargi in abu ya ɓaci.

Akwai kayan da ko sunan kirki ba ya ba da tabbaci a yanzu, musamman kwandansa da kwantak na distiributa. Sabuwar kwandansa ta taɓa mutu mini tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya, mako biyu da ɗaurawa, da iyali a mota ana dab da magariba. Abin da ya cece mu shi ne tsohuwar da na cire tana cikin akwatin gaba. Yanzu in ta ciki tana aiki ba na taɓa ta, sabuwar ce ke zaman jira.

Mataki na biyar: kayan aiki

A nan ma tambayar ba ta canza ba: in wannan ƙarfen ya gaza, me zai ɓata?

Abu na farko da zan ce ka kashe wa kuɗi shi ne abin da ke riƙe motar a sama. Kombi babu kaya ta haura tan ɗaya. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba. Ka samu ƙafafun tokare na ƙarfe masu kauri guda biyu ko huɗu, ka duba waldarsu da idonka, ka kafa su a ƙasa mai tauri. Bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma an yi jana'izar mutane saboda shi. Tukunyar kashe gobara ma ta shiga wannan layin. A kusa da kujerar direba ake ajiye ta, ba a ƙarƙashin kaya ba.

Na biyu, sifana mai awon ɗauri. Makanikanmu da yawa da hannu suke aunawa, kuma a injin ƙarfe sukan tsira. Wannan injin kuwa gangar jikinsa gaurayen magniziyam ce, kan silinda alminiyam, dukansu masu laushi. Ƙananan notuna shida na farantin da ke ƙasan inji 7 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) kawai suke so, abin da yatsu uku za su iya. Notunan kan silinda 25 ko 32 Nm ne, gwargwadon kaurin sandar da ake ɗaure su a kai. Ka ƙara ƙarfi kaɗan, haƙoran cikin ganga su zare, ƙaramin aiki ya koma na mai walda da injin huda. Ba sai ka sayi Hazet ko Gedore ko Stahlwille sabuwa ba, ko da yake in ka ci karo da ta hannu mai lafiya kada ka bari. Matsakaiciya ta isa, muddin kana sassauta ta zuwa ƙasa bayan aiki, ba ka kuma kwance noti da ita.

Na uku, 'yan girman da kake amfani da su kullum. Maimakon babban akwati mai guda ɗari na araha, sayi 10, 13, 17 da 19 masu kyau, sifana da soket, soket ɗin mai kusurwa shida don ya fi kama tsohon noti. Sifana maras kyau bakinta yana buɗewa, ta murje kan noti ya zama kamar ƙwallo, ka wuni a kan abin da bai kai minti biyu ba. Bututun birki yana da tasa sifanar ta musamman, lamba 11 mai ɗan tsagi, wadda ke rungume notin ta ko'ina. Ita kam kada ka yi mata rowa. Sai manyan biyu: 36 na notin fulawil da 46 na notin ƙafar baya. Waɗannan wajen 350 Nm ake ɗaure su, wato kamar mutum mai kilo 70 ya tsaya a kan sanda rabin mita daga notin. Soket mai araha a wannan nauyin tsagewa yake yi, kuma lokacin kana tsaye a kansa.

Sauran kuwa ka sassauta wa aljihunka. Guduma, mazurari, burushin waya, farantin tarar mai, fitilar gwajin wuta, duk na araha sun wadatar. Har ma'aunin tazara mai siraran ganyaye, wanda shi ne ƙarfen da ya fi kowanne tsawaita ran wannan injin, ba shi da tsada. Abin da sai shekara-shekara ake buƙata, kamar abin zare boris, aro ko haya ya fi saye.

Mataki na shida: abin da ya fi kowane kaya araha

Injin 1600 ba shi da matatar mai irin ta zamani, 'yar raga ce kawai a ƙasa, kuma lita biyu da rabi yake ɗauka. Man nan kaɗan shi ke shafawa, shi ke taya iska ɗauke zafi. Saboda haka ka saye shi a galan rufaffe daga wurin da ka yarda da shi, ba na awo a kwalba ba, ka canza duk kilomita 5,000, ko ƙasa da haka in hanyarka ta ƙura ce. Duk canji ka wanke ragar, ka sa sabon gaskit.

A wannan zaman ne kuma ake duba bawul, da sassafe kafin a tayar da mota, inji a sanyi ƙalau. Tazarar milimita 0.15 ce. Ganyen ma'aunin ya shiga yana ɗan ja, ba ya zurma ba, ba ya maƙale ba. Ka rubuta abin da ka samu a kowane bawul cikin littafin nan naka. Idan ka ga na hayaƙin silinda ɗaya yana matsewa duk lokacin da ka duba, yana gaya maka ne cewa yana miƙewa, kuma gara ka sauke kan silindar da kanka kafin ya tsinke ya faɗa kan fistin. Kwantak kuma tazararsa 0.4, da ɗigon giris a inda yake gogar sanda.

A littafin ka riƙa sa ranar da ka ɗaura kowane abu, sunan kamfaninsa, shagon da ka saya, da lambar kilomita. Bayan shekara biyu ba ka buƙatar shawarar kowa a kan wane fambel ne ke daɗewa. Shafin zai nuna maka. Nawa ya nuna mini cewa wata robar ƙafa da nake ganin ta yi tsada ta shekara huɗu, mai sauƙin da na sa a ɗaya gefen kuwa sau uku na canza ta a tsakanin.

A ƙarƙashin kujerar baya ina ajiye wata tsohuwar jakar makaranta. A ciki akwai fambel sabo, kwandansa da kwantak, rota, fulogi biyu, wayar totur da ta kuloci, mita ɗaya na tiyon fetur da maɗaurai huɗu, fis, litar baƙin mai, da sifana 10, 13 da 21. Fambel ɗin da tiyon irin waɗanda ke jikin motar ne, daga shago ɗaya, domin wanda aka ɗaura a gefen titi da niyyar "zuwa gida kawai" shi ne yakan shekara a wurin.